Ɗakin da ke Fitowa daga Jikin Mota: Ina Yake Samun Wuta?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau tafiyar ta ƙetare ce, Amurka muka nufa. Amma kanikawa da masu rewaya da masu haɗa sola, kada ku ce ba ruwanku. Ku matso kusa da akwatin rediyo, domin rabin abin da za mu tattauna aikinku ne na yau da kullum.

A Amurka da Kanada akwai wasu motoci da ake ƙerawa don mutum ya zauna a cikinsu. Akwai gado, akwai kicin da firji, akwai banɗaki, akwai ɗan falo da kujeru. Motocin tafi-da-gidanka ke nan. Manya daga cikinsu kan kai tsawon ƙafa 45, wato kusan mita 14. Wasu iyalai don yawon hutu suke sayensu. Wasu kuwa, musamman dattawan da suka yi ritaya, sukan sayar da gida ɗungurungum su koma rayuwa a kan taya, su gangara kudu in sanyi ya shigo, su dawo arewa in ya wuce. Cibiyar wannan sana'a ita ce yankin Elkhart a jihar Indiyana, inda ake ƙera mafi yawansu. A shekarar 2021 kaɗai masana'antun sun fitar da sama da 600,000, in an haɗa masu injin kansu da waɗanda ake ɗaurawa a bayan wata mota a ja.

Sai dai akwai matsalar da kuɗi ba ya magancewa, wato faɗin titi. A mafi yawan jihohin Amurka doka ba ta yarda faɗin mota ya wuce inci 102 ba, ƙafa 8 da rabi ke nan, kimanin mita 2.6. A Turai ƙa'idar ta ɗan fi tsauri, mita 2.55. In ka cire kaurin bango, ka ajiye kujera a wannan gefe, kabad a wancan, abin da zai rage maka lungu ne da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace.

Dabarar da aka fito da ita ita ce a yanke wani sashe na bangon motar, a cusa akwati mai rufi da daɓe a gurbin. In ana tafiya akwatin yana cikin mota, bangonsa na waje ya yi daidai da jikinta. In an ya da zango sai a danna maɓalli, ya zuge waje kamar ƙafa biyu ko uku, da kujerunsa da gadonsa da duk abin da aka kafa a kansa. A wannan shiri ɗakin zuge za mu riƙa ce masa. Da can akwai irinsa da ake turawa da hannu a jikin tireloli. Mai aiki da wuta a babbar mota kuwa, kamfanin Newmar na garin Nappanee a Indiyana ne ya fito da shi a 1990, kuma jagoran kamfanin na lokacin, Mahlon Miller, shi ake danganta wa ƙirƙirar. Yau ba abin mamaki ba ne a ga mota mai irin ɗakunan nan uku ko huɗu. In biyu na fuskantar juna aka buɗe su, falon kan kai faɗin ƙafa 12 ko fiye.

To ɗakin nan da kayan da ke kansa nauyin ɗaruruwan kilo ne. Wace wuta ce ke tura shi?

Galibin mutane za su ce janareta, ko wutar gari. Ba haka ba ne. Wuta iri biyu ke yawo a jikin motar nan. Akwai wutar gida mai volt 120, wadda ake samu in an jona igiya a turken lantarki na sansanin da aka sauka, ko in an tayar da janaretan motar. Ita ke riƙe na'urar sanyaya ɗaki da soket-soket. Turakun nan iri biyu ne, mai amp 30 da ke ba da wat 3,600, da mai amp 50 mai layi biyu da ke kaiwa wat 12,000. Sannan akwai wutar batir mai volt 12, wadda ke kunna fitilu da famfon ruwa da fankar ɗumama ɗaki. Ɗakin zuge a wannan ɓangare na biyu yake. Da gangan aka yi haka, don matafiyi ya iya naɗe ɗakinsa ya kama hanya ko da a dokar daji ya kwana.

Batir ɗin ma kashi biyu ne. Akwai na inji, wanda aikinsa tayar da mota, akwai kuma na gida, mai kaurin faranti, wanda aka yi don a riƙa jan wutarsa a hankali na tsawon sa'o'i. Da yawa sukan jera batura biyu masu volt 6 su ba da 12. A wasu motocin ɗakin zuge daga batirin gida yake sha, a wasu daga na inji. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai mota ya sani game da motarsa, kuma da yawa sai ranar da ɗakin ya maƙale suke fara tambaya.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, domin a nan maganar take. A ce injin lantarkin da ke tura ɗakin, wato moto, yana jan amp 20, kuma rabin minti yake yi ɗakin ya gama fita. In ka buga, abin da ya sha bai kai kashi ɗaya cikin biyar na amp-awa guda ba. Batirin gida kuwa mai amp-awa 100 ne ko fiye. Ashe ɗakin ba ci gare shi ba, ko kaɗan. Halinsa dai shi ne yana son rabonsa nan take, kuma da cikakken ƙarfi. Duk direba ya san batirin da zai kunna fitila tar, ya buga ham, amma in aka murza makulli sai kik ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru. Haka ɗakin zuge yake yi wa masu shi. Fitilun cikin mota na ci, rediyo na magana, mutum ya rantse batirinsa lafiya lau, alhali ƙarfin da zai motsa rabin tan babu shi.

Batir mai ruwan asid in ya cika ya huta, mita kan nuna volt 12.6 ko 12.7. In ya sauka zuwa wajen 12.1, rabin wutarsa ta tafi. Masu sauraro ku lura da ƙanƙantar wannan tazara: rabin volt kacal ke tsakanin cikakken batir da wanda ya yi rabi. Kuma wannan awon na batir a zaune ne. Da zarar moto ya fara ja, lambar za ta rufto ƙasa, kuma yadda ta rufto shi ke faɗa maka gaskiyar lafiyar batirin.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Hanyoyin da ake bi a mayar da wannan wuta motsi ba ɗaya ba ne. Wadda ta fi daɗewa ita ce ta dogayen ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin ɗakin, moto ya juya ƙaramin giya, giya ya taka haƙoran, ƙarafan su tura ɗakin. Tana da nauyi, amma tana da juriya, kuma gyaranta a fili yake. Akwai ta igiyoyin ƙarfe da ake ɗaurawa a kusurwoyin ɗakin, moto guda a sama yana ja yana saki. Waɗannan biyu ba za mu daɗe a kansu ba.

Wadda ta cancanci a tsaya a kanta ita ce ƙirar Schwintek, wadda kamfanin Lippert na Elkhart ke yi. Ita ana gane ta daga nesa: wasu siraran ƙarafa masu haƙora kwance a jikin bangon ɗakin ta gefe da gefe, sama da ƙasa. Moto biyu ne ƙanana a ɓoye cikin bangon motar, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma babu wani ƙarfe da ya haɗa su. To ta yaya suke tafiya tare ɗakin bai karkace ba? Akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ke ƙidaya juyin kowane moto, ta hanyar na'urar da ke jin wucewar maganaɗisu. In ɗaya ya yi gaba sai ta daidaita su. Dabara ce mai kyau, ta rage nauyi ƙwarai. Amma ga inda gizo ke saƙar: ƙwaƙwalwar da ke ƙidaya ita ma daga batirin take sha. In ƙarfin wuta ya faɗi ana tsakiyar tafiya, ko mai mota ya riƙa danna maɓalli yana saki yana sake dannawa, ƙidayar kan rikice, gefe ɗaya ya riga ɗaya, ɗakin ya shiga a karkace. Shi ya sa ake koya wa masu irin wannan mota su danna maɓalli su riƙe har ɗakin ya kai ƙarshe, su kuma ci gaba da riƙewa na 'yan daƙiƙoƙi bayan ya tsaya, domin a lokacin ne ƙwaƙwalwar ke sake daidaita lissafinta. A jikinta akwai ƙananan fitilu, kore da ja. In an sami matsala sai su riƙa ƙyaftawa, yawan ƙyaftawar ya faɗa maka wane moto ne da kuma abin da ya faru, kuma ƙarancin wutar batir na cikin laifuffukan da take bayyanawa.

Sai ta ƙarshe, ta manyan ɗakuna masu nauyi, wato haidirolik, aikin da kanikawanmu suka sani a jikin tifa da katafila. Kamfanin HWH na jihar Iowa ya yi suna a nan. Famfo ne ke matsa mai cikin bututu, man ya tura sandar ƙarfe, sandar ta tura ɗaki. Sau da yawa famfon nan guda shi ke ɗaga jak-jak ɗin da ke daidaita motar a ƙasa. Wanda bai sani ba zai ce ai wannan aikin mai ne, ba ruwansa da batir. Alhali shi ya fi kowa haɗama. Famfon moto ne ke juya shi, mai volt 12, kuma abin da yake ja ya ninka na sauran, yakan kusanci amp 100 in aiki ya yi tsanani.

Bari mu ga abin a aikace. A jihar Arizona akwai wani ɗan gari a cikin hamada mai suna Quartzsite. Mazaunansa 'yan dubbai ne, amma duk lokacin sanyi, musamman watan Janairu, masu motocin tafi-da-gidanka kan yi masa tsinke su bazu a filayen gwamnati da ke kewaye da shi, inda babu turken lantarki babu famfo. Rana da ɗumi, dare da sanyi mai ratsa ƙashi. A ce wani dattijo da mai ɗakinsa sun kwana uku a nan. Na'urar ɗumama ɗaki da gas take aiki, amma fankarta daga batir take ja, kusan amp 7 ko 8 duk lokacin da ta tashi, kuma kwana take yi tana tashi. Ga fitilu, ga famfon ruwa, ga na'urar jin yoyon gas da ba ta barci. Sanyi kuma na rage wa batir mai asid kuzari. Da safe an sha shayi, an tattara kujerun waje, ana shirin kama hanya. Dattijo ya danna maɓalli. Ɗakin ya yi gurnani, ya shigo kamar taƙi guda, fitilar silin ta yi ja-ja, sai shiru. Ya sake dannawa, sai ƙas. Yanzu ga mota da ɗaki a rataye a gefenta, ba ta hawa titi.

Abin da bai kamata ya yi ba shi ne abin da zuciya ke raya masa, wato ya ci gaba da dannawa. Moton da aka ba wuta amma ya kasa juyawa, wutar ba ta fasa ratsa shi, sai dai ta zama zafi a cikin naɗin wayarsa. Haka ake ƙona moto lafiyayye a kan laifin batir. Abin da ya dace shi ne ya tayar da inji. Altaneta za ta ɗaga wutar zuwa wajen volt 14, kuma a yawancin motocin nan akwai na'urar da ke haɗa batirin gida da caji in inji na aiki. Ya ba ta 'yan mintuna, sannan ya gwada. Ko ya tayar da janareta, caja ta yi aikinta. Da yawa kuma suna da wani maɓalli kusa da sitiyari wanda in ka danna ka riƙe yake haɗa batirin inji da na gida na ɗan lokaci, su yi taron dangi a kan aikin. Sau tari a nan labarin ke ƙarewa, ba kanike ba sayen kaya.

Wata tambaya da masu motocin nan ke yawan yi ita ce: in na jona wutar gari, ina ruwana da batir? Akwai caja a motar da ke mayar da volt 120 zuwa 12, galibi mai amp 45 ko 55. A takarda ya kamata ta wadatar. Amma moto a daidai lokacin da zai fara motsi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ja in ya kama tafiya, kuma caja ba a yi ta don irin wannan fizga ba. Batir ne ke tare wannan gaba, ita caja ta biyo baya tana cike gurbi. Ƙaramin ɗaki yana iya lallaɓawa da caja kaɗai. Famfon haidirolik kuwa ko kusa. Saboda haka mataccen batir a motar da ke jone da wutar gari matacce ne har yanzu, sai an canza shi.

Yanzu ga ɓangaren da na ce masu rewaya da masu sola su kasa kunne. Ko batir na da lafiya, sai wutar ta isa inda za ta. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 tana da turjiya kimanin om 0.007 a kowace mita. Abin kamar ba komai ba. To a ce batir na gaban mota, ɗakin na baya, waya ta yi mita 10 zuwa, mita 10 dawowa. Mita 20 ke nan, om 0.14. In amp 20 ya bi ta ciki, volt 2.8 sun zube a hanya. A wutar gidajenmu mai volt 230, asarar volt 3 ba wanda zai ji. A wutar volt 12 kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ya salwanta kafin moto ya ga komai. In aka sa waya mai murabba'in milimita 6, asarar ta dawo volt 1.2. Mai murabba'in milimita 10, volt 0.7. Wannan lissafi bai san Amurka ba, bai san Kano ko Maraɗi ba. Shi ne dai ke sa inbatar wani ta riƙa kuka tana ɗaukewa alhali baturansa sababbi ne, don an yi tsumulmular waya tsakanin batir da inbata.

Kan batir kuma fa? Wannan farin gari mai kore-kore da ke taruwa a kai, da noti da ya saki, da wayar negatif da aka ɗaura a jikin ƙarfen mota ta yi tsatsa a ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa. In mahaɗa guda ta ƙara turjiyar om 0.1 kacal, a amp 20 ta cinye volt 2, ta kuma mayar da su zafin wat 40 a wuri ɗan mitsitsi. Shi ya sa gwanin mai gyara yakan taɓa mahaɗun bayan an gwada ɗakin, wadda ya ji ta yi ɗumi ita ce ɓarauniyar. Kuma awo na gaskiya ba a kan batir kaɗai ake yin sa ba. A sa mita a bakin moton, wani ya danna maɓalli, a ga abin da ya iso. In batir na nuna 12.4, bakin moto na nuna 9, a bar moto ya sarara, a bi waya.

A ganina wannan ita ce babbar asarar da ake yi a harkar nan: a sayi sabon moto da sabuwar ƙwaƙwalwa da tsada, alhali sanfefa da sifana mai lamba 10 da ɗan giris sun isa.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Wani lokacin kuma ba abin da ya lalace, motar ce ta ƙi da gangan. Masu ƙira sun san abin da zai faru in ɗaki ya zuge waje ana gudu a babban titi, don haka suka gindaya sharuɗɗa. A wasu motocin sai an ja birkin hannu wuta za ta isa maɓallin. A wasu sai an kashe makullin inji, a wasu kuma sai inji na aiki. Akwai kuma babban makunni kusa da ƙofa da ke yanke batirin gida gaba ɗaya, wanda jika zai iya taɓawa da gwiwa ba wanda ya lura. Hatta maganar a fara kafa jak ko a fara fitar da ɗaki, kamfanoni sun saɓa, kowa da tsarin da ya ƙera motarsa a kai. Abin da maƙwabcinka na sansani ya rantse a kansa yana iya zama daidai a motarsa, kuskure a taka. Littafin motar shi ne alƙali.

Tsakanin batir da moto akwai fiyus, ko wani ɗan makatsi mai yanke wuta in ta yi yawa, ya huce ya sake haɗawa da kansa. In ɗaki na tafiya yana tsayawa, ya ɗan jima ya sake tashi, galibi shi ne ke aikinsa, kuma saƙo yake ba ka cewa wani abu na riƙe ɗakin: dutse ko cokali da ya faɗa ƙarƙashin daɓe, robar gefe da ta bushe tana kamawa, motar da ba ta tsaya daidai ba har ramin bangon ya ɗan murɗe. Jama'a, don Allah kada a cire fiyus mai amp 30 a sa mai 50, balle a naɗa waya a gurbinsa. Fiyus waya yake karewa. In ka hana shi ƙonewa, wayar da ke cikin bango ce za ta ƙone a madadinsa, kuma bangon motar nan katako ne da soso.

In duk an yi abin ya faskara, kowace ƙira na da hanyar mayar da ɗaki da hannu. Mai ƙarafa a ƙasa akwai inda ake sa sifana ko hannun murzawa a juya. Mai igiyoyi akan juya motonsa da na'urar huda ta hannu. Mai haidirolik sai a buɗe bawul, man ya sami hanya. Ƙirar Schwintek tana da maɓalli a jikin ƙwaƙwalwar da ke sa ta yi watsi da ƙidaya, in kuma hakan bai yi ba sai a zare moto daga giya, ƙarti su tura ɗakin daga waje. Amma a kula, a yawancin masu aiki da moto, shi moton ne birkin da ke riƙe ɗakin a rufe. In an zare shi, ba abin da zai hana ɗakin zamewa waje a kwanar farko. Dole a tokare shi daga ciki da katako ko ƙarfen da aka tanada kafin a motsa. Wannan darasi ne da ya kamata a koya da rana tsaka a ƙofar gida, kafin ranar buƙata.

A 'yan shekarun nan da yawa sun koma batirin litiyam, kuma ga ɗakin zuge alheri ne, domin shi yana riƙe ƙarfinsa a wajen volt 13 har ya kusa ƙarewa. Sai dai yana da mai gadi a cikinsa, wata na'ura da ke yanke wuta in an ja fiye da ƙima, kuma a yawancin masu amp-awa 100 ƙimar amp 100 ce. Famfon haidirolik in ya fizga yana iya tsallake wannan iyaka, sai motar gaba ɗaya ta yi duhu ɗif, mai ita ya zaci sabon batirinsa ya mutu. Kuma ba a cajin litiyam in sanyi ya kai na ƙanƙara, sai mai na'urar ɗumama kansa.

Saura abu guda da ake mantawa. Ban da wutar da ke tura ɗakin, akwai wadda ake amfani da ita a cikinsa: fitilu, soket, wani lokacin firji sukutum da murhun gas. Wayoyin nan da bututun dole su bi ɗakin duk inda ya je. In ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsa za ka ga damin wayoyi an yi masa lanƙwasa mai sassauci, yana miƙewa in ɗaki ya fita, yana naɗewa in ya koma. A wannan gaɓa ba a sa waya mai ƙarfe guda, irin ta bangon gida, domin lanƙwasa yau lanƙwasa gobe karyewa za ta yi. Mai silli-silli da yawa ake sawa, mai kaurin riga. Duk da haka tana gogar ƙarfe, rigar na cinyewa, ɓera ma na samun rabonsa. Soket ɗin da ke aiki in ɗaki na waje ya mutu in ya shigo, a nan za a nemi ciwonsa, kuma a cire igiyar wutar gari a kashe janareta da inbata kafin a sa hannu.

Wanda kuma Allah ya hore masa ya shigo da irin wannan mota daga Amurka zuwa Najeriya ko Nijar, ko aka kawo masa gyaran motar asibitin tafi-da-gidanka mai irin wannan ɗaki, ya tuna wutarmu volt 220 zuwa 230 ce, tasu 120. In aka jona kai-tsaye, caja ce za ta fara tafiya, sauran kaya su biyo ta. Sai an sa taransifoma mai rage wuta a tsakani.

Kafin a danna maɓallin nan, fita ko shiga, a leƙa waje a ga ba bishiya ba turke, a duba rufin ɗakin ko reshe ya faɗo, a matsar da kujerar direba gaba, a rufe ƙofofin kabad. Sama da komai a kira yara da sunayensu, kowa ya amsa daga inda ake ganinsa, domin injin da ke tura rabin tan ba ya jin hannun yaro. Ku kuma masu gyara, a cire zobe da agogon ƙarfe kafin a sunkuya kan batir.

 

(Kiɗan rufe shiri)